Titin Jirgin Abuja Tsakanin Awon Minna da Awon Tauraron Ɗan'adam

 

 Batun da aka ba ni yau wani zai ɗauke shi wasan yara: yadda ake gina filin jirgi a cikin kwamfuta, har mai koyon tuƙi ya tashi ya sauka yana zaune a ɗaki. To amma a ƙarƙashin wasan akwai tambayar da ta girmi kwamfuta, ta girmi jirgin sama. Idan aka miƙo maka lambobi biyu aka ce ga wuri kaza, wa ya auna su, kuma daga ina ya fara awon?

Mu ɗauki filin da duk muka sani, Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe, wanda matuƙa ke kira DNAA. Titinsa na tashi da sauka yana da tsawon mita 3,610, an raɗa masa lamba 04/22 saboda ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ku riƙe wannan kusurwa, za ta yi mana aiki an jima. Filin yana wajen digiri 9, sakan 24 arewa da ikwaita, da digiri 7, minti 15, sakan 47 gabas da layin Girinwic. Tsayinsa daga teku ƙafa 1,123, wato mita 342. Mutanen Abuja ba su manta da 2017 ba, lokacin da aka rufe titin daga 8 ga Maris na tsawon kusan mako shida don gyara, aka koma sauka a Kaduna ana ƙarasowa ta mota ko ta jirgin ƙasa.

Manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgi sun daɗe. Microsoft Flight Simulator ta fito tun 1982, kuma wadda kamfanin Asobo na Faransa ya yi a 2020 ta shimfiɗa duniya gaba ɗaya da hotunan taswirar Bing. Akwai X-Plane, akwai FlightGear da ake rabawa kyauta. Can sama da waɗannan akwai manyan na'urori masu motsi da ake horar da matuƙa na gaske da su, irin aikin da ya shafi Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ƙanana da manyan duk abu ɗaya suke nema daga mai gina musu ƙasa: kowane abu, daga bakin titi zuwa hasumiyar masu ba da umarni, zuwa fitila, zuwa Dutsen Zuma da ke tsaye a Madalla, a ba shi latitud da lonjitud bisa tushen awo guda, wanda ake kira WGS 84. Shi ne awon da GPS ke magana da shi, kuma shi Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta wajabta wa ƙasashe su buga bayanan filayensu da shi daga 1 ga Janairun 1998.

Da a ce duk takardun da ke hannunmu da wannan awo aka rubuta su, da laccar ta ƙare a nan, mun tashi mun sha shayi. Sai dai mai gina filin Abuja a kwamfuta tsince-tsince yake yi. Lambobin bakin titi zai samo su a kundin bayanan jiragen sama da NAMA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin Najeriya, ke bugawa. Hoton ƙasa daga tauraron ɗan'adam. Tudu da kwari daga awon da jirgin sama jannati Endeavour ya yi da rada a Fabrairun 2000. Idan ya yi sa'a, wani injiniya ya ba shi zanen gine-gine, ko ya samo tsohuwar taswirar gwamnati mai ma'aunin 1:50,000 don ya ga rafuka da duwatsu. Waɗannan biyu na ƙarshe, galibi, da awon Minna suke magana.

Bari in daɗe a kan Minna, don nan ne zuciyar maganar.

Duniya ba mulmulalliya ba ce sumul. Ta ɗan kumbura a tsakiya, ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu, ga duwatsu ga ramuka. Ba a iya lissafi a kan irin wannan jiki, don haka masana suka ƙirƙiro siffa mai santsi ta lissafi da ta yi kusa da shi, suke auna latitud da lonjitud a kanta. Wani hafsan safiyo na Ingila, Alexander Ross Clarke, ya fitar da irin wannan siffa a 1880, mai nisan mita 6,378,249 daga cibiya zuwa ikwaita. Da 'yan safiyon mulkin mallaka suka zo ɗinke Najeriya da awo, ita suka ɗauka. Suka zaɓi wata alama a Minna mai suna L40, wajen digiri 9 da minti 38 arewa, digiri 6 da minti 31 gabas, suka tabbatar da matsayinta ta hanyar duban taurari, suka ce daga nan aka fara. A 1928 ne wannan ya zama tushen awon ƙasar. Daga L40 suka riƙa hawa duwatsu suna auna kusurwa daga wannan tsauni zuwa wancan, alwatika bayan alwatika, har suka kai Sakkwato da Barno da bakin teku. A ƙafa aka yi aikin nan, da 'yan dako, ba kwamfuta ba kalkuleta, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar na'urar awo a ranar Maris ya san abin da hakan ke nufi.

Ina jin haushi idan na ji matasanmu na cewa awon Minna kuskure ne. Hula ce da aka ɗinka wa kai ɗaya: ta zauna wa Najeriya daram, ba ruwanta da kan Brazil ko na Indiya. WGS 84 kuwa hular kasuwa ce da aka yi don ta shiga kowane kai, cibiyarta a tsakiyar nauyin duniya, domin wannan cibiyar tauraron ɗan'adam yake kewayawa. Nisanta zuwa ikwaita mita 6,378,137, ƙasa da na Clarke da mita 112, bajewarta ma ta bambanta. Siffofi biyu, cibiya biyu. Saboda haka dutsen safiyo ɗaya da ke kafe a Lugbe yana da lambobi iri biyu, kowanne daidai ne a gidansa. Ingila ma ba ta tsira ba: wanda ya tsaya a kan layin tagulla na Girinwic ya duba GPS ba zai ga sifiri ba, sai ya taka kimanin mita 102 gabas.

Nawa ne bambancin a nan Abuja? Lambobin da aka fi amfani da su, waɗanda hukumar taswirar sojan Amurka ta buga, sun ce tazarar cibiyoyin biyu ita ce mita 92 da mita 93 a debe, mita 122 a ƙara, a kan ginshiƙai uku na lissafi. Idan ka zauna ka juya wannan zuwa gabas da arewa a daidai filin jirginmu, za ka samu cewa wanda ya ɗauki digirin Minna ya zuba wa kwamfuta a matsayin WGS 84 ya tura abinsa kimanin mita 80 gabas, mita 30 kudu. A takarda abin bai kai sakan 3 ba, ido ma ba zai kama shi ba.

Yanzu ku tuno kusurwar titin. Ya kwanta daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuskuren kuma yana tura shi gabas maso kudu. Ke nan kusan dukkan gocewar a kaikaice take, ta gefen titi. Da a tsawonsa ta bi, da sauƙi, mita 80 cikin 3,610 sai mai lura. Amma faɗin titin manyan jirage mita 45 zuwa 60 ne kawai. Ɗalibi zai bi na'urar jagorar sauka yadda aka koya masa, allurai su tsaya cak a tsakiya, ya fito daga hazon hunturu, ya ga kwalta tana can gefe, shi kuma yana fuskantar ciyawa. Na'urar tana bin lambobin NAMA, kwaltar tana bin lambobin Minna. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wanda ya haɗa su bai tambaya ba ne kawai.

Wani zai ce ai kwamfuta ce, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne. Amma amfanin na'urar koyo shi ne ido da hannu su saba da abin da za su tarar. Wanda ya saba ganin titi a gefe alhali allura na tsakiya, ya koyi rashin yarda da allura, kuma wannan ɗabi'a ce da ba a so matuƙi ya shiga gajimare da ita.

Injiniyoyi da 'yan safiyo ba su cika aiki da digiri ba, mita suke so, don da mita ake sayen kwalta a yanka fili. Sai an baje ƙasa mai lanƙwasa a kan takarda, kuma Najeriya tana da hanyoyi biyu na yin haka. Tsohuwar hanya ta raba ƙasar ɗamara uku: ta yamma mai tsakiya a digiri 4 da rabi, ta tsakiya a digiri 8 da rabi, ta gabas a 12 da rabi. Abuja tana ɗamarar tsakiya. Ɗaya hanyar ita ce UTM ta duniya, inda muke da shiyya ta 31 da 32 da 33, Abuja a ta 32 mai tsakiya a digiri 9. Rarrabe waɗannan biyu ba wuya. Dubi lambar arewa: idan ta doshi miliyan ɗaya, UTM ce, don daga ikwaita take ƙirga. Idan tana wajen 550,000, ɗamarar tsakiya ce, don ita daga digiri 4 take farawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne UTM ɗin kanta iri biyu ce a ƙasar nan, akwai ta kan Minna, akwai ta kan WGS 84, kuma lambobinsu kamar tagwaye suke. Takarda za ta ce "UTM Zone 32" ta yi shiru. Ga wani abin mamaki da na so ɗalibai su je su gwada da kansu: idan mitocin Minna ka rikita da na WGS 84, gocewar gabas tana nan wajen mita 80, amma ta kudu ta tashi daga 30 ta koma kusan 120. Dalili shi ne tsawon digiri ɗaya a siffar Clarke bai kai na WGS 84 ba a yankinmu, kuma wannan gibi yana taruwa tun daga ikwaita har digiri 9. Tushen awo biyu ɗin nan dai, amma girman kuskuren ya danganta da ƙofar da ka shigo. Shi ya sa nake hana mutane haddace "a ƙara kaza a debe kaza". Wanda ya haddace na digiri ya yi aiki da shi a kan mita ya gyara rabi ya bar rabi.

Hanyar da ta dace ba ta da gajarta. A mayar da mitocin takarda zuwa digiri a kan siffar Clarke. A mayar da digirin, tare da tsayi, zuwa nisa uku daga cibiyar wannan siffa. A matsar da cibiyar. Sannan a dawo da lambobin zuwa digiri a kan WGS 84. Manhajar QGIS da ɗakin lissafinta PROJ suna yin wannan cikin ƙiftawar ido, kyauta, muddin ka gaya musu gaskiyar inda lambobinka suka fito. Kowane tsari yana da lambar rajista: Minna a digiri 4263, Minna UTM 32 ita ce 26332, ɗamarar tsakiya 26392, WGS 84 a digiri 4326, UTM ɗinta ta shiyyarmu 32632. Ku dubi 26332 da 32632 da kyau. Lambobi biyar iri ɗaya, an sauya musu wuri. Mai gajiya da ƙarfe biyun dare zai zaɓi ɗaya a madadin ɗaya, manhaja kuma ba za ta ce uffan ba.

Ko an bi hanyar daidai, kada a zaci an kai santimita. Waɗancan lambobi uku na tazarar cibiyoyi matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, suna iya barin kuskuren 'yan mitoci. Awon alwatika yana tara ƙananan kurakurai yayin da yake nisa da Minna, ta yadda abin da ya dace da Abuja ba lalle ya dace da Maiduguri ko Kalaba ba. Akwai lissafi mai lambobi bakwai, na Helmert, da ke ƙara juyawa da miƙewa a kan matsarwa, kuma masananmu sun fitar da irinsa fiye da ɗaya. Mu a Abuja mun ci sa'a, L40 tana kilomita ɗari da 'yan kai daga filin jirginmu. Ga mai gina dutse ko unguwa a kwamfuta, mita uku ba komai ba ne. Ga mai zana layin rawaya da tayar gaban jirgi za ta bi zuwa ƙofar fasinja, mita uku ya isa fiffike ya shafi gini.

Akwai kurakuran da ba su kai wannan daraja ba, amma sun fi yawa. Minti 15 da sakan 47 ba 0.1547 ba ne. Sai an raba minti da 60, sakan da 3,600, a haɗa da digiri 7, a samu 7.2631. Wanda ya rubuta 7.1547 ya kai filin kusan kilomita 12 yamma. Sai kuma wanne ake fara rubutawa. Matuƙa da 'yan safiyo latitud suke sa wa gaba, fayilolin Google Earth da wasu manhajoji lonjitud suke farawa da shi. A Landan idan ka juya su za ka faɗa Tekun Indiya, nan take ka gane. A Abuja 9 da 7 ne. Juya su, ka samu digiri 7 da minti 16 arewa, digiri 9 gabas, wato gefen Gboko a Jihar Binuwai. Ƙasa ce busasshiya, cikin Najeriya, cikin shiyya ta 32, babu abin da zai sa kwamfuta ta yi ƙorafi. Filin jirgin babban birnin tarayya zai zauna lafiya lau a ƙasar Tibi.

Hotunan taswirar intanet su ma da nasu halin. Google da Bing suna baje duniya da wani tsarin Marketo da ke kumbura nisa yayin da ake barin ikwaita. A digiri 9 kumburin ya ɗan haura kashi 1 cikin 100. Auna titinmu kai tsaye da mitocin wannan tsari, zai ba ka sama da 3,650, ƙarin gomman mitoci da babu su a ƙasa. Haka arewar takardar UTM ba ita ce arewa ta gaskiya ba. A filin Abuja sun saɓa da kusan rubu'in digiri, wanda a tsawon titin ya kai mita 17 a ɗaya bakin. Mai zana gine-gine a shimfiɗaɗɗen allo ya ɗauko su ya dasa ba tare da ya juya su ba, zai ga kusa da shi komai ya hau, can nesa ya karkace.

Tsayi kuwa, a taƙaice. Ƙafa 1,123 daga matakin teku ne. Tsayin da na'urar GPS ta safiyo ke fara bayarwa daga siffar lissafi yake, kuma a yankin nan matakin teku yana sama da siffar da fiye da mita 20. Tsoffin taswirorinmu daga ma'aunin teku na Legas suke ƙirga, jiragen sama kuma da samfurin matakin teku na duniya, EGM96, suke aiki. Haɗa su ba tacewa, ka ga titi yana shawagi a iska ko ya nutse cikin rami, balle a manta cewa wannan ƙafa ce wancan mita.

Abuja tana da wata matsala da tsoffin birane irin Kano ba su da ita sosai: saurin canzawa. Birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, daga dokar Janar Murtala ta 3 ga Fabrairun 1976, zuwa babban tsarin 1979, zuwa ƙaurar gwamnati a 12 ga Disambar 1991. Awon tudu na 2000 bai san unguwannin da suka cika hanyar filin jirgi ba. Hoton da aka ɗauka kafin sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje, wanda aka buɗe a Disambar 2018, zai nuna wani abu dabam a wurin. Don haka bayan tambayar tushen awo, sai a tambayi takarda shekararta. Ƙasar ma kanta tafiya take, farantin Afirka yana matsawa arewa maso gabas wajen santimita 2 a shekara. Wannan bai dami mai kwaikwayon jirgi ba, amma ya dami tashoshin GPS na dindindin da Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, da cibiyar binciken awon ƙasa ta hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, da ke Toro a Jihar Bauci.

Tunda na ambaci hukumomi, bari in faɗi ra'ayina, da girmamawa. Ofishin Babban Safiyo yana nan Abuja. NASRDA tana nan, a kan hanyar filin jirgin ma. AGIS, da ke riƙe da bayanan filayen birnin tun zamanin ministan Abuja Malam Nasiru el-Rufa'i, tana nan. Ilimin bai yi mana ƙaranci ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: kowace taswira da kowane zane da zai fita daga ofishin gwamnati ko na ɗan kwangila, a rubuta masa a goshi tushen awonsa, da tsarin bajewarsa, da inda tsayinsa ya fara, da shekararsa. Layi huɗu. Kuma lambobin juyawa daga Minna da hukuma ta amince da su a ajiye su inda ɗalibin Gwagwalada zai same su da wayarsa. Masu gina filayen jirgi a waɗannan manhajoji akasari 'yan sa-kai ne, kuma X-Plane tana da ƙofar da kowa zai iya aika gyaran filinsa ya shiga manhajar duniya. Na fi son wanda ya san yadda hazo ke rufe Zuma a Janairu ya gina Abuja da Kano da Sakkwato, a kan wanda bai taɓa ganinsu ba sai a hoto.

Ga ɗaliban da za su gwada, kada ku yarda da juyin da ba ku jarraba ba. Ku ɗauki bakin titi na 04 da na 22 daga kundin NAMA, su ne turakunku, don an auna su da WGS 84 kai tsaye. Ku lissafa nisan da ke tsakaninsu ku gwada da tsawon da aka buga. Sannan ku nemi aƙalla wurare uku da suke bayyane a zanenku da kuma a hoto, masu nisa da juna, ba a layi ɗaya ba: kusurwar farfajiyar jirage, mahaɗar ƙananan hanyoyi, gindin hasumiya. Gindin, ba samanta ba, don dogon gini yana jingina a hoton tauraro. Idan duka ukun sun goce gefe ɗaya da tazara ɗaya, tushen awo ne, ku duba ko 80 da 30 ne ko 80 da 120. Idan gocewar tana ƙaruwa daga wannan gefe zuwa wancan, ma'auni ne ko juyawa. Idan kowanne ya kama gabansa, hoton ne bai zauna ba, ku bar shi ku bi lambobin NAMA.